Kuɗin shiru: tarihin cinikin asiri a ƙasar Nijar

A kotunan Yamai, inda ake rubuta shari'a da Faransanci, laifin yana da suna guda: chantage. Idan tafinta ya tashi juya kalmar ga wanda ake tuhuma, sai ya nemi jimla sukutum, ya ce: tsoratar da mutum da tonon asirinsa domin a karɓi wani abu daga hannunsa. Hausa ba ta rasa kalmomin da ke kewaye da wannan aiki ba. Akwai tonon asiri da tonon silili, waɗanda ke nufin fallasar kanta. Akwai toshiyar baki, wato abin da mai asiri ke miƙawa domin a yi masa shiru. Akwai kuma ƙwace, wanda ke tafiya da ƙarfin tuwo. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ɗauke ma'anar gaba ɗaya, amma aikin kansa ya riga Nasara zuwa bakin kogin Isa.

Tambayar da masana shari'a suka daɗe suna kai-kawo a kanta mai sauƙin faɗi ce. A ɗauka wani ya gano cewa wani ɗan kasuwa yana tauye mudu. Doka ba ta hana shi faɗa wa jama'a ba, tun da gaskiya ce. Ba ta kuma hana shi zuwa wurin ɗan kasuwan ya roƙi jaka goma ba, tun da roƙo ba laifi ba ne. To amma ranar da ya haɗa biyun a baki ɗaya, ya ce a ba shi jaka goma ko kuwa gari ya ji, ranar ce ya cancanci gidan kaso. Ta yaya halal biyu suka haɗu suka haifi haram? Masanin shari'a na Birtaniya Glanville Williams ya nuna wannan sarƙaƙiya a 1954, kuma James Lindgren na Amurka ya yi dogon nazari a kanta a 1984. Shi kuwa Walter Block, masanin tattalin arziki, a littafinsa na 1976 ya kai maganar ƙarshenta: a ganinsa magulmaci ya fi mai cinikin asiri muni, domin magulmaci yana fallasa mutum ba tare da ya ba shi zaɓi ba, alhali wancan yana ba shi damar fansar kansa. Saboda haka, in ji shi, hukuma ta janye hannunta, ta bar su su yi cinikinsu.

Hujjar tana da ƙarfi a kan takarda. Sai dai tarihin ƙasar nan, daga dandalin maroƙa zuwa ofishin kumandan har zuwa ɗakunan buga jarida na Yamai, ya ajiye misalan da za a iya auna ta da su.

Asalin sunayen

Kalmar Faransanci ta fito ne daga faire chanter, wato sa mutum ya yi waƙa, wani karin magana na ɓarayin birnin Paris da ke nufin matsa wa mutum har ya amayar da abin da ke hannunsa. Dokar hukunta laifuka ta Napoleon, ta 1810, ƙwace da ƙarfi ta sani. Sai da dokar 13 ga Mayu 1863 aka ƙara sakin layi a aya ta 400, wanda ya hukunta karɓar dukiya ta hanyar barazanar fallasa, a rubuce ko da baki. A dokar Faransa ta yanzu, aya ta 312-10 ta tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar Euro 75.000, kuma idan mai barazanar ya aiwatar da ita, ɗaurin yana kai shekara 7. Ita kuwa kalmar Ingilishi, blackmail, a ƙarni na 16 tana nufin harajin da manoman kan iyakar Ingila da Sikotilan ke biya wa ɓarayin shanu domin su bar su su kwana lafiya, irin wanda ƴan bindiga suka riƙa ɗora wa ƙauyukan Zamfara a shekarun baya-bayan nan. Daga baya ne ma'anarta ta koma kan asiri.

Maroƙi da zambo

A Faransa wanda ake tatsa shi ake sa wa waƙa. A ƙasar Hausa kuwa waƙar tana bakin mai karɓa. Maroƙi yana da harshe biyu, na yabo da na zambo, kuma kowa ya san cewa na biyun yana jira ne a bayan na farkon. Haka jasare yake a wurin Zabarmawa, shi da ke riƙe da asalin kowane gida. Masanin halayyar al'umma M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya kwatanta a wata maƙala ta 1957 yadda maroƙi mai yawo ke shiga gari, ya tara labarin masu hali, sannan ya tsaya a ƙofar gidan ɗaya daga cikinsu ya fara kirari. Idan kyauta ta fito, ya yi godiya ya ƙara gaba. Idan ta yi jinkiri, sai murya ta sauya, yabo ya koma habaici, a fara taɓa rowar mai gida da sana'arsa da asalin kakanninsa, har sai ya aiko da abin da zai rufe bakin.

Wannan shi ne mafi kusa da kasuwar da Block yake so a buɗe, kuma al'umma ta zauna da ita ɗaruruwan shekaru. Amma ta zauna da ita ne saboda wasu iyakoki. Maroƙi a fili yake aikinsa, da rana tsaka, gaban jama'a. Abin da yake barazanar faɗa, yawanci gari ya riga ya san shi. Zafin yana cikin a faɗe shi da ƙarfi a gaban mata da yara. Farashin sananne ne, daidai da matsayin mutum, kuma wanda ake nufa mai hali ne, domin babu maroƙin da zai ɓata muryarsa a ƙofar matalauci. Da wannan roƙo ya zama wata hanya ta tilasta wa mai dukiya ya saki hannu. Duk da haka al'umma ta biya maroƙi ta kuma ajiye shi a ƙasan tsani: ana ba shi riga da doki, ana jinkirin ba shi ƴa. Wannan hukunci ne na ɗabi'a, wanda ba a rubuta a kowace takarda ba.

Abin da malamai suka ce

Malaman musulunci na wannan yanki sun gaji wata ma'auni da ta fi ta maroƙa tsauri. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken aibin mutane, ta kuma hana giba, wato ambaton mutum a bayan idonsa da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne. Tun daga nan ɗaya daga cikin halal biyun nan ya faɗi: a wurin malami, kasancewar magana gaskiya bai isa ya halatta yaɗa ta ba. Asalin hukunci shi ne sutura. Shi ya sa Bahaushe ya mayar da rufin asiri sunan wadata kanta, har mai abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya nemi kowa ba ake ce masa mai rufin asiri, kuma aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai malamai ba su mayar da shiru wajibi a ko'ina ba. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da aka yarda a ambaci aibin mutum, daga cikinsu akwai wanda aka zalunta idan ya kai ƙara, da gargaɗin jama'a game da mai cutar da su. Suratul Baƙara kuma, a aya ta 283, ta hana ɓoye shaida. Ke nan asirin da ke hannun mutum ɗayan biyu ne. Ko dai na mai shi ne shi kaɗai, bai cuci kowa ba, sai rufe shi ya zama wajibi. Ko kuwa akwai haƙƙin wasu a ciki, kamar masu sayen hatsi a wurin mai tauye mudu, sai faɗarsa ta zama wajibi. A hali na farko mai karɓar kuɗi yana sayar da abin da ya kamata ya bayar kyauta. A hali na biyu yana sayar da abin da ba nasa ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Damagaram da Katsina da Sakkwato suka yi hukunci da shi, ya ƙara sharuɗɗa biyu da suka shafi cinikin kansa. Na farko, yarda: abin da aka ƙulla bisa tilas ba ya ɗaure wanda aka tilasta. Imamu Malik da kansa ya sha bulala a Madina, zamanin halifa Mansur, saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Na biyu, dole abin sayarwa ya zama wanda za a iya miƙa shi. Shiru kuwa ba ya miƙuwa. Wanda ya sayi akuya yana jan ta zuwa gidansa. Wanda ya sayi shiru yana barin hajar a cikin mai sayarwa, wanda zai iya dawowa da ita kasuwa a wata mai zuwa.

Zamanin kumandan da tafinta

Zuwan Faransawa ya sauya farashin asiri. Ƙarƙashin dokar indijena, a farkon ƙarni na 20, kumandan yana da ikon ɗaure talaka har kwana 15 ko ya ci shi tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Kumandan kuwa ba ya jin Hausa ko Zabarmanci sai ta bakin tafinta, ba ya ganin ƙauye sai ta idon gardi da mai gari. A lokaci guda mulkin ya haifi sababbin abubuwan ɓoyewa: yaron da ba a rubuta ba domin gudun lanho, shanun da aka kora daji ranar ƙidaya, saurayin da aka tura Najeriya domin kada a ɗauke shi soja ko aikin dole. Kusan kowane gida yana da abin da ba ya so kumandan ya ji, kuma ƴan ƙalilan ne ke da hanyar kunnensa.

Abin da ya faru a Damagaram a 1906 ya nuna nauyin wannan kunne. Shekarar ta zo wa Turawa da tsoro: an yi tawayen Kobkitanda a ƙasar Doso da na Karma kusa da Yamai, sannan a watan Fabrairu mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawan Ingila. A cikin wannan yanayi labari ya isa ga hafsoshin Faransa cewa Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa yana shirya kashe su. A ƙarshen watan Maris aka kama shi tare da wasu manyan gari, har da attajiri Malam Yaro da tafinta Ali Jallo. Aka tuɓe sarki, aka kai shi ƙasar Kodebuwa, aka miƙa riƙon gari ga Ballama, baban fada, wanda ake dangantawa da kai rahoton. Andre Salifu ya ɗauki al'amarin a matsayin yunƙurin tawaye da bai yi nasara ba. Camille Lefebvre, a wani nazari na 2017, ta fi mai da hankali ga yadda jita-jita da gabar cikin fada suka gina zargin. Ko wanne ne daidai, darasin da talaka ya ɗauka ɗaya ne: idan magana a kunnen Nasara tana iya sauke sarki, to wanda ke da hanyar kunnen ba ya buƙatar ɗaga murya kafin a kai masa gaisuwa.

Amadu Hampate Ba ya zana wannan duniya a littafinsa na 1973 a kan Wangrin, tafintan da ya yi aiki a Sudan ta Faransa da Haute-Volta. Wangrin yana tara labari kamar yadda wasu ke tara shanu, yana da masu kawo masa rahoto a ko'ina, kuma a rikicin shanun da aka karɓa lokacin yaƙin duniya na farko, takardun da wani jami'in Faransa ya sa wa hannu ba tare da lura ba su ne suka zame masa garkuwa. Mai karatu yana iya yi masa dariyar jin daɗi idan ya juya makamin kan Nasara. Amma makamin da ke sa Bature ya ja da baya sau ɗaya, shi ne ke kan wuyan talaka kullum.

A 1946 aka soke dokar indijena da aikin dole, kuma da dokar 30 ga Afrilu ta wannan shekara aka soke kotunan ƴan ƙasa a fannin laifuka, dokar Faransa ta hau kan kowa. Ta wannan hanya aya ta 400 ta iso Yamai, wadda ta zama babban birni tun 1926. Bayan samun ƴancin kai, dokar hukunta laifuka ta Nijar, ta 15 ga Yuli 1961, ta bi sawun ta Faransa ta riƙe laifin.

Lokacin da hukuma ke tara asiri

Rubuta laifi a doka bai rufe kasuwar ba, domin siyasa ta buɗe mata wata ƙofa. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959. Bayan shigowar mayaƙanta a 1964, aka harbe huɗu daga cikinsu a bainar jama'a a Yamai cikin watan Oktoba, kuma bayan gurnetin da aka jefa wa shugaba Jori Hamani a filin idi a watan Afrilu 1965, kame ya ƙaru. Klaas van Walraven, a littafinsa na 2013 a kan Sawaba, ya tattara shaidun mutanen da aka tsare ko aka wahalar saboda zargi kawai. A irin wannan zamani, sanin cewa maƙwabci yana da ɗan'uwa a Akara, ko ya taɓa riƙe katin jam'iyya, dukiya ce a hannun marar tsoron Allah.

Mulkin Saini Kunce, daga 15 ga Afrilu 1974 har rasuwarsa a watan Nuwamba 1987, ya bar suna biyu: na tsare dukiyar ƙasa, da na tsoron masu kai rahoto. Ofishin leƙen asiri na BCL ya kasance a hannun Amadu Umaru, wanda aka fi sani da Bonkano, na hannun daman shugaba. A watan Oktoba 1983, Kunce yana taron Faransa da Afirka a garin Vittel, wannan mutum da aka ba amanar asirin kowa shi ne ya shirya juyin mulki, da abin ya ci tura ya tsere daga ƙasar.

Akwai abin lura a nan wanda dokar 1961 ba ta hango ba. Ita tana maganar kuɗi da takarda da sa hannu. Amma hukumar da ta san laifin ma'aikaci, ta ƙi kai shi gaban alƙali, ta kuma ƙi yafe masa, ta ajiye takardunsa a aljihun tebur domin ranar buƙata, aikin mai cinikin asiri take yi, sai dai da biyayya ake biyan ta. Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin shugabancin Andre Salifu, ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, aka riƙa karanta tsofaffin asirai a rediyo kowa yana ji. Taron ya sha suka ta fuskoki da dama, amma asirin da aka karanta a rediyo ya daina zama igiya a wuyan kowa.

Jarida: mai tonawa da mai sayarwa

Da fitowar Haské a 1990, jarida ta farko mai zaman kanta, da Le Républicain a 1991, Yamai ta sami sababbin masu riƙe da asirin manya. Kasuwar jarida ƙarama ce, masu karanta Faransanci kaɗan ne, talla kuma yawanci a hannun gwamnati take. Inda albashi ba shi da tabbas, jarrabawar maroƙi tana nan: a yabi wanda ya bayar, a taɓa wanda ya hana. Ƴan jaridar kansu sun daɗe suna kokawa da wannan a tarukansu.

Sai dai tarihin shekarun 2000 ya nuna wanda ya fi shan wuya. A watan Nuwamba 2003 aka kama Maman Abu, mai Le Républicain, bayan jaridarsa ta buga takardun baitulmali da ke nuna an fitar da kuɗi masu yawa ba bisa ƙa'ida ba; aka yanke masa wata 6 bisa laifin ɓata suna, bai fito ba sai a watan Janairu 2004. A 2006 jaridu masu zaman kansu, har da tasa, suka bi diddigin binciken kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, abin da aka sani da badaƙalar MEBA, kuɗin da ƙasashe masu ba da agaji suka zuba domin lakwal. Tsofaffin ministoci biyu suka shiga kaso, kuma a ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'a 62 cikin 113.

A nan ne hujjar Block ke karyewa. Da a ce wanda takardun MEBA suka fara faɗawa hannunsa ya kai su ga masu laifi ya karɓi rabonsa, da mai saye da mai sayarwa duk sun tashi suna murna, kuma babu wanda zai kai ƙara. Wanda ya biya farashin shi ne yaron da ke zaune a ajin zana babu littafi, wanda ba a gayyace shi wurin cinikin ba. Wannan ita ce amsar da Lindgren ya bayar: mai cinikin asiri yana ciniki ne da ƙarfin wasu, wato fushin jama'a ko hukuncin alƙali ko haƙƙin wanda aka cuta, ya mayar da shi kuɗi a aljihunsa. Malaman Malikiyya za su gane maganar ba tare da tafinta ba.

Jarrabawar ba ta talakan ɗan jarida ba ce kaɗai. A watan Agusta 2015 aka kama ƴan jaridar Faransa biyu, Éric Laurent da Catherine Graciet, a Paris, bisa zargin sun nemi kuɗi daga fadar sarkin Maroko domin su fasa buga wani littafi. Yarjejeniyar ta kai Euro miliyan 2. Sun ce wakilin fadar ne ya fara kawo tayin. A watan Maris 2023 kotu ta same su da laifi, ta yanke musu ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka da tarar Euro 10.000 kowanne, suka ɗaukaka ƙara. Ko wane ne ya fara magana, masu karatun da aka yi wa alkawarin littafin ba su gan shi ba.

Asiri a cikin waya

Wayar hannu ta sauko da abin daga fada zuwa ɗakin kowa. Hoto ko saƙon murya da aka aika bisa amana yana iya zama abin tatsa, kuma waɗanda aka fi nufa su ne mata da matasa, waɗanda fallasa ke iya raba su da aure ko karatu ko gidan iyaye. Abin da ake nema a wurinsu ma sau da yawa ya wuce kuɗi. Babu ko ɗaya daga cikin iyakokin maroƙi da ya rage: ana yi a ɓoye, babu sanannen farashi, kuma marar ƙarfi ake zaɓa.

Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci a kan chantage ta hanyar na'urorin sadarwa. Amma ayoyin da suka fi yin suna a cikinta su ne na kusa da wannan, ta 29 a kan ɓata suna da ta 31 a kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya. Da wannan doka aka tsare ƴar jarida Samira Sabu daga 10 ga Yuni zuwa 28 ga Yuli 2020, saboda abin da ta rubuta a Facebook game da binciken kuɗin sayen makamai na ma'aikatar tsaro, kafin kotu ta sallame ta. Ita kuwa ba ta nemi ko dala daga kowa ba. Tun a 2010 aka cire ɗauri daga laifukan jarida, a 2022 aka cire shi daga ɓata suna ta intanet, sannan a watan Yuni 2024 hukumomin soja suka mayar da shi.

Kammalawa

Shin ya dace doka ta hukunta cinikin asiri? Tarihin da aka bi ya ce i, kuma ya nuna dalili: cinikin yana da mutum na uku da ake ci da haƙƙinsa, yardar mai biya yarda ce ta wanda aka shaƙe, hajar kuma ba ta barin hannun mai sayarwa. Halatta shi zai mayar da leƙen asirin maƙwabci sana'a mai riba, irin wadda aka gani zamanin tafinta da zamanin masu kai rahoto.

Amma akwai iyaka da ya kamata alƙali ya kiyaye. Wanda ya ce wa mai riƙe masa bashi ya biya ko su haɗu gaban shari'a, haƙƙinsa yake nema, ta hanyar da aka buɗe domin haka. Matar da ta ce wa miji ya daina dukanta ko ta faɗa wa iyayensa, ba ta sayar da komai ba. Laifi yana farawa ne inda abin da ake nema ba shi da dangantaka da abin da ake barazanar faɗa, ko ya wuce haƙƙin mai nema.

Haramcin kuma ba ya aiki shi kaɗai. Wanda ake tatsa ba zai je wurin ƴan sanda ba idan ya san cewa kai ƙarar ita ce fallasar da yake gudu. Shi ya sa kotunan Ingila suka saba ɓoye sunan mai ƙara a irin wannan shari'a, abin da kotunan Yamai za su iya koyi da shi. Haka nan, duk ƙasar da ta tsananta wa mai faɗar gaskiya a fili, ta ƙara wa shiru daraja a kasuwa: idan buga takardar baitulmali yana kai mutum kaso, sayar da ita a ɓoye kuma yana kawo masa mota, to ba kowa ne zai zaɓi hanyar Maman Abu ba. Dokar da ke hukunta mai sayar da asiri tana buƙatar ƴar'uwarta da ke kare mai tona abin da ya shafi dukiyar jama'a, da kuma tarbiyyar gida da ta lakwal da ke koya wa yaro barin kaza cikin gashinta idan asirin bai cuci kowa ba. Allah ya rufa asiri.